Kundin aiki: haɗa manhajar sito da saba

3 ga Fabrairu, 2025

Manhajar ta Android ce, da harshen shirya manhaja na Kotlin nake rubuta ta. Aikinta bai da yawa a faɗe: ma'aikacin sito ya haska lambar da ke jikin kwali da kyamarar waya, ya rubuta adadin da ya shiga ko ya fita, manhaja ta kai wa saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan sito tana amsa kiran wayoyi ta intanet. Sabar ba a hannuna take ba. Abokin aikina ne ke kula da ita, kuma ya riga ya ba ni takardar da ta bayyana ƙofofinta: GET don karanto jerin kaya, POST don rubuta shiga ko fita, amsa duk a tsarin JSON, wani salon rubuta bayanai da manhajoji ke musanya.

Don kiran saba na zaɓi Retrofit, wanda ke aiki a kan OkHttp; dukansu shiryayyun kayan kod ne na kamfanin Square. Wanda ya je neman darasi a intanet zai ci karo da tsofaffin misalai masu amfani da Apache HttpClient ko AsyncTask. Na farkon an cire shi daga Android 6.0 tun 2015, na biyun kuma an ayyana shi tsohon yayi a Android 11, 2020. Ba na son in gina sabon abu a kan abin da masu shi suka juya wa baya.

Kafin kira na farko ya fita, akwai shingaye uku. Sai an rubuta izinin INTERNET a fayil ɗin AndroidManifest. Sai kuma kiran ya bar babban zare, wato wanda ke zana allo da karɓar taɓawar yatsa. Tun Android 3.0 na 2011 tsarin ke jefo NetworkOnMainThreadException ga duk wanda ya gwada kiran netwok a can. Dalilin a fili yake: in babban zare ya tsaya kamar daƙiƙa 5 bai amsa taɓawa ba, waya za ta fito da akwatin da ke tambayar mutum ko ya rufe manhajar. Retrofit yana karɓar ayyukan suspend na Kotlin, waɗanda ke jiran amsa ba tare da tsayar da babban zare ba, saboda haka wannan shingen ya zo da sauƙi.

Na uku shi ne adireshi. Sabar gwaji tana kan kwamfutata, manhajar kuma tana cikin wayar kwaikwayo, wato shirin da ke kwaikwayon waya a cikin kwamfuta. A cikin wayar kwaikwayo, localhost na nufin ita wayar ce kanta, ba kwamfutar da ke ɗauke da ita ba. Adireshin da ke kai ka kwamfutar shi ne 10.0.2.2. Bayan haka, daga Android 9 manhaja ba ta tura saƙo ta HTTP tsirara, wato ba a ɓoye ba, sai an ba ta izini na musamman, kamar yadda Apple ya yi a iOS 9 tun 2015. Na buɗe izinin a ginin gwaji kaɗai, ga wannan adireshi kaɗai. Jerin kaya ya bayyana a allo kafin in tashi.

6 ga Fabrairu

Yau JSON. Don fassara shi na ɗauki kotlinx.serialization saboda a lokacin harhaɗa kod yake ƙera mai fassararsa, ba ya dogara da leƙen sunayen filaye yayin da manhaja ke gudana. Wannan zai yi amfani nan gaba, lokacin da R8, mai matse kod ɗin manhaja, zai gajarta sunaye a ginin fitarwa, wato wanda za a raba wa ma'aikata. Abu ɗaya da sai an kunna shi da hannu: ignoreUnknownKeys, wanda ke sa manhaja ta tsallake filin da ba ta sani ba. In ba haka ba, ranar da saba ta ƙara sabon fili a amsarta, duk wayar da ke ɗauke da tsohuwar manhaja za ta ƙi karanta amsar gaba ɗaya.

Mun yi yarjejeniya da abokin aikina a kan haka, kuma na sa ya rubuta ta a saman takardar: ana iya ƙara fili, ba a cirewa, ba a sauya ma'anarsa. In sauyin ya zama dole, a buɗe /v2/ a bar /v1/ tana aiki. Saba cikin minti ɗaya ake sabunta ta. Manhajar waya kuwa sai mai wayar ya ga dama.

Lambobin shaidar kaya mun mayar da su rubutu maimakon adadi. Akwai shafin kula da sito da aka rubuta da JavaScript, wanda ke karanta amsoshin nan su ma, kuma JavaScript ba ya riƙe cikakken adadi daidai in ya haura 9007199254740991. Lambar da ta wuce nan sai ƙarshenta ya sauya ba tare da wani kuka ba. Lokaci kuma a tsarin ISO 8601, da agogon UTC.

10 ga Fabrairu

Na saka suna mai ƙ da ɗ a gwaji, ya dawo da Æ™ a gurbin ƙ. A UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. Wanda ya karanta su da tsarin Windows-1252 zai ga haruffa biyu daban. Wayar daidai ta tura. A wajen haɗa saba da rumbun bayanai aka samu saɓanin, an gyara a can. Na bar sunan cikin gwaje-gwajen da ke gudana da kansu, tare da ɓ da ƴ.

14 ga Fabrairu

A nan gizo ke saƙar, kuma ina jin sauran aikin duk a kan wannan zai rataya.

Na ɗauki wayar gaske na shiga can ƙuryar sito, bayan manyan kantocin ƙarfe, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Na rubuta fitar kwali goma, na danna. Manhaja ta juya, ta juya, ta ce ba a samu nasara ba. Na sake dannawa, ta ce an karɓa. Da muka duba rumbun bayanai, kwali ashirin ne suka fita.

Abin da ya faru ba wani abin mamaki ba ne in an bi shi a hankali. Buƙata ta farko ta isa saba lafiya, saba ta rage kayan, ta turo amsa, amsar ce ta ɓata a hanya. OkHttp yana jiran daƙiƙa 10 a kowanne daga cikin haɗawa, rubutawa da karantawa in ba a sauya masa ba; da lokacin ya cika sai ya jefo kuskure. Daga ɓangaren waya babu yadda za a bambanta buƙatar da ba ta isa ba da wadda ta isa amsarta ta ɓata. Kamar ka aiki yaro da saƙo ne bai dawo ba: ko a hanyar zuwa ya tsaya, ko ya isar a hanyar dawowa ya tsaya, kai dai da ke zaune ba ka da labari.

Saboda haka kalmar "ba a samu nasara ba" da manhajar ta nuna ƙarya ce. Gaskiyar ita ce ba ta sani ba. Yawancin misalan da ake koyarwa da su gida biyu suke da shi, nasara da kuskure, kuma duk abin da ba nasara ba sai a watsa shi gidan kuskure. Akwai gida na uku, kuma a wayar hannu shi ne ya fi cika, domin waya tana yawo, tana sauka daga Wi-Fi zuwa data a tsakiyar kira, tana shiga aljihu tsarin ya dakatar da ita.

Ga GET wannan ba damuwa ba ne. Ka karanta sau goma, babu abin da ya sauya. Ƙa'idar HTTP ta ce PUT da DELETE ma ya kamata maimaita su ya bar saba a hali ɗaya da yin su sau ɗaya. POST ne ba shi da wannan alkawari. Kuma hana mutum danna maɓalli sau biyu ba zai wadatar ba, domin OkHttp da kansa yana iya sake tura buƙata in tsohon haɗin da ya ajiye ya mutu. Saitin da ke yin haka, retryOnConnectionFailure, a kunne yake tun asali. Wasu sukan kashe shi su ce sun huta. Ni ban ga hutun ba: ka kashe shi, har yanzu ba ka san ko kwali goman sun fita ba.

Maganin da muka tsaya a kai shi ne wanda masu harkar biyan kuɗi ta intanet irin su Stripe suka daɗe suna amfani da shi. Kowane aiki yana samun mabuɗinsa na musamman, wata doguwar lambar shaida da ake kira UUID, wanda ake turawa a kan saƙo da sunan Idempotency-Key. Saba in ta ga mabuɗi sabo, ta yi aikin, ta ajiye mabuɗin tare da amsar da ta bayar. In ta sake ganinsa, ba ta taɓa kayan ba, sai ta dawo da waccan amsar. UUID nau'i na 4 yana da bit 122 da ake zaɓa ba bisa wani tsari ba, don haka ba na fargabar wayoyi biyu su ƙera iri ɗaya.

Wurare biyu ne ake iya ɓata wannan dabara. Na farko a waya: dole a ƙera mabuɗin a lokacin da mutum ya danna ajiyewa, a rubuta shi cikin rumbun wayar tare da aikin, kafin a fara kira. In a lokacin turawa ake ƙera shi, kowane maimaici zai zo da sabon mabuɗi, an koma gidan jiya. Na biyu a saba: rage kaya da ajiye mabuɗi dole su kasance cikin ma'amala ɗaya ta rumbun bayanai, ko duka su tabbata ko duka su rushe, kuma a sa wa filin mabuɗin sharaɗin kada ya maimaitu. Abokin aikina ya so ya fara dubawa ko mabuɗin yana nan, sannan ya rubuta. Na ce masa, malam, buƙatu biyu masu mabuɗi ɗaya in suka iso a tare, dukansu za su duba su ga babu. Ya yi shiru, ya buɗe fayil ɗin rumbun. Yanzu ta biyun tana samun lambar amsa 409, wato an yi karo, in ta farkon ba ta gama ba, waya kuma ta ɗan jira ta sake tambaya.

19 ga Fabrairu

Tsarin manhajar ya juye. A da, maɓalli yana kiran saba kai tsaye. Yanzu maɓalli yana rubutawa ne a rumbun wayar, ta Room, allo kuma daga rumbun yake karantawa. Wani ma'aikaci daban a bayan fage, ta WorkManager, shi ke ɗauko abin da ke layi yana turawa. Kowane aiki yana ɗaya daga cikin halaye huɗu: yana jira, an tura ba a ji amsa ba, saba ta tabbatar, saba ta ƙi. Biyun farko alama ɗaya suke nunawa a allo, ƙaramin agogo da kalmar "yana kan hanya". Ma'aikacin sito ba ya buƙatar sanin bambancinsu. Abin da yake buƙata shi ne ya san ba sai ya sake rubutawa ba.

Wata riba da ta zo a kyauta: juya waya a kwance yana sa Android ya rushe allon ya sake gina shi, kuma a tsohon tsari amsar saba na iya dawowa ta tarar allon da ya aike ta ya mutu. Yanzu ba allon take nema ba.

Na zauna na raba amsoshi, wanne ake maimaitawa wanne ba a yi. Yankewar haɗi da cikar lokacin jira, a maimaita. 500, 502, 503, 504, wato matsala daga ɓangaren saba, a maimaita. 429, wato ka cika turowa, a maimaita amma bayan lokacin da saba ta faɗa a Retry-After in ta faɗa. 400 da 422 ba a maimaitawa, domin buƙatar ce da kanta ba ta da kyau, kuma ko sau dubu aka tura haka za ta dawo. Waɗannan ake nuna wa mutum da ja, tare da dalilin da saba ta bayar. 401, wato saba ba ta gane mai kira ba, nasa daban ne, sai wani zama.

WorkManager yana ninka tazarar jira bayan kowace faɗuwa, yana farawa daga daƙiƙa 30 in ba a sauya ba, ba ya yarda a sauka ƙasa da 10, kuma ba ya haura awa 5. Na ƙara ɗan jinkiri da ya bambanta daga waya zuwa waya a kai, don kada ranar da saba ta farfaɗo daga faɗuwa duk wayoyin siton su afka mata a daƙiƙa ɗaya su sake kayar da ita.

21 ga Fabrairu

Jeri yana da muhimmanci. In kaya sun shiga da safe sun fita da rana, amma fitar ta riga shigar isa saba, saba za ta ce babu kayan ta ƙi. Layin yanzu ɗaya ne, da enqueueUniqueWork, kuma ana turawa bi da bi yadda aka rubuta. Agogon waya ban yarda da shi ba wajen jeri, mutum na iya sauya shi da hannu. Lambar jeri ta rumbun wayar nake bi. Lokacin wayar ana turawa dai don tarihi, saba kuma ta buga nata.

26 ga Fabrairu

Shiga da tikiti. Tsarin OAuth 2.0 ne: gajeren tikitin shiga da ake liƙawa a kowace buƙata, da dogon tikitin sabuntawa da ake karɓo sabon gajere da shi. OkHttp yana da Authenticator, wanda yake kira da kansa duk lokacin da saba ta ce 401.

Matsalar ita ce sabarmu tana kashe tikitin sabuntawa da zarar an yi amfani da shi, ta ba da sabo. Tsari ne mai kyau, domin in an sace tikitin za a gane. Amma in buƙatu uku suka ci 401 a tare, kowacce za ta ruga sabuntawa da tikiti ɗaya. Ta farko ta yi nasara, sauran biyun su zo da mataccen tikiti, saba ta ɗauka ɓarawo ne ta kori mutum waje. Na sa makulli a wajen: buƙata ɗaya ce ke sabuntawa, sauran in sun samu shiga sai su fara duba ko tikitin da ke ajiye ya bambanta da wanda suka faɗi da shi. In ya bambanta, wani ya riga ya yi aikin.

Gida na uku yana nan ma. In amsar sabuntawa ta ɓata a hanya, saba ta kashe tsohon tikiti, sabon bai iso ba. Mun yarda saba ta ƙara karɓar tsohon na ɗan gajeren lokaci bayan sabuntawa. Kuma ko an kori mutum waje, layin ayyukansa ba ya gogewa. Yana sake shiga ake ci gaba da turawa.

Tikitin ana ɓoye shi da mabuɗin da ke cikin Android Keystore. Wani ya kawo shawarar a dasa mabuɗin sirri guda cikin manhajar don saba ta gane tamu ce. Na buɗe fayil ɗin manhajar, APK, da jadx, mai warware kod, a gabansa, ga rubutun ciki ana karantawa. Duk abin da aka dasa a manhaja an ba duniya ne. A mai rubuta tarihin kira kuma na sa redactHeader ya rufe layin Authorization da ke ɗauke da tikitin, don kada tikiti ya zauna a fayil ɗin da ake turo mini in an samu matsala.

4 ga Maris

Jerin kaya yana da girma, kuma ba ya sauyawa sosai. Saba yanzu tana turo ETag, wato alamar da ke sauyawa in jerin ya sauya, na kuma ba OkHttp ma'ajiyar wucin gadi, wadda ba ya buɗewa sai an ba shi wuri da girma. A kira na gaba yana tura If-None-Match da kansa, saba ta ce 304, wato babu sauyi, ba tare da ta sake turo jerin ba, a karanto daga ma'ajiya. Matse saƙo da gzip kuwa OkHttp yana nema yana warwarewa ba tare da an sa baki ba. Aikin yau bai kai awa biyu ba.

7 ga Maris

Wi-Fi irin na baƙi, mai shafin shiga. Waya tana nuna an haɗu, amma hanyar a toshe take sai an amince da sharuɗɗa. Ta HTTP tsirara irin wannan netwok yana iya dawo da 200 ɗauke da shafin HTML. Ta HTTPS mai ɓoye saƙo kuwa, yawanci takardar shaidar da saba ke nunawa don a tabbatar ita ce ba za ta dace ba, kiran ya faɗi. Duka biyun na jefa su gidan maimaitawa, kuma ba na karɓar 200 a matsayin tabbaci sai nau'in amsar JSON ne kuma mabuɗin aikin yana ciki. Android yana da alamar NET_CAPABILITY_VALIDATED da ke nuna tsarin ya gwada hanyar ya ga intanet na gaske. Ina amfani da ita wajen nuna wa mutum halin da ake ciki, ba wajen yanke hukuncin ko a kira ba. Tsakanin dubawa da kira, sabis na iya tafiya.

12 ga Maris

Na karɓi jerin na'urorin da za a raba. Akwai tsofaffin allunan hannu masu Android 7.0 a ciki. Takardar shaidar sabarmu daga Let's Encrypt take, kuma tushenta, wato babbar takardar da ke tsaya mata, ISRG Root X1, daga Android 7.1.1 ya shiga jerin waɗanda tsarin ya amince da su. Sa hannun tsohon tushe da ya riƙe tsofaffin wayoyi ya ƙare a 2024. Hanya biyu ce: a saka tushen cikin manhajar ta fayil ɗin network_security_config, wanda Android 7.0 ke karantawa, ko a ajiye allunan. Na saka tushen, na gwada a kan ɗaya, ya haɗu.

An tambaye ni batun ƙulle manhaja a kan takardar shaida guda. Ban yi ba. Takardun nan kwana 90 suke yi, kuma in aka sauya mabuɗi a saba alhali manhajar ta ƙulle a kan tsohon, duk wayoyin sun kurumce sai an sabunta su ɗaya bayan ɗaya. Ga manhajar banki lissafin daban ne. Ga ƙirgar kwali, haɗarin kulle kanmu a waje ya fi wanda ake gudu.

18 ga Maris

Ginin fitarwa ya wuce R8 lafiya, JSON yana karantuwa. Na rubuta gwaje-gwaje da MockWebServer, wanda ke iya kwaikwayon saba mai karɓar buƙata ta yanke haɗi kafin ta amsa, da mai karɓa ta yi gum. A duka biyun ina tabbatar da abu biyu: aikin ya zauna a halin "an tura ba a ji amsa ba", kuma buƙata ta biyu ta fita da mabuɗin ta farko.

Na koma ƙuryar siton da wayar. Kwali goma, agogo ya tsaya a allo, na kashe manhajar gaba ɗaya, na fito fili. Alamar ta koma kore ba tare da na taɓa komai ba. A tarihin saba buƙatar ta iso sau biyu, a rumbu kwali goma ne suka fita.

Saura abu biyu kafin a raba. Ba mu tsayar da tsawon lokacin da saba za ta riƙe mabuɗai ba. Abokin aikina yana son awa 24, ni kuma ina tunanin wayar da aka jefa a durowa ranar Juma'a da aiki a layinta, ba a kunna ta ba sai Litinin. Na biyu, tsarin Doze da ya zo da Android 6.0 yana jinkirta ayyukan bayan fage in waya ta daɗe a ajiye allo a kashe, don haka ina son maɓallin "tura yanzu" a allon layi, wanda ma'aikaci zai danna kafin ya miƙa wayar ga mai karɓarsa.